Siginar Malam da ba ta kamawa sai da ni

Malam ya sayi babur ɗin nan tun kafin a taso da ma'aikata daga Ikko zuwa Abuja, lokacin ina goyon Ladi, Kuchigoro kuwa gidajenta ba su fi a ƙirga da baki ba. Siginarsa ta fara rashin lafiya ne shekarar da aka hana acaɓa shiga cikin gari. Ni ban yi boko ba, amma a wannan lissafi ba wanda zai ja da ni.

Ku da kuka san maigidana kun san ba ya karya kwana sai ya sa sigina. Ko a hanyar gona ce, ba kowa sai akuya, sai ya kunna mata. Idan aka yi masa dariya ya ce, "Mutumin kirki yana faɗin inda ya nufa." Ni kuwa shekara ashirin da ɗoriya bai taɓa ɗaukata a babur ɗin ba. Wai babur ɗin masinjan gwamnati ba na yawon mata ba ne. Shi ya yi gaba fes da hularsa, ni in bi shi a bas, da kwanon tuwo a cinya.

To, ranar da siginar hagu ta mutu, sai Malam ya daina yin hagu. Wallahi! Ya ce dama sau uku ai hagu ce. Aka gayyace shi suna a Yangoji, gidan yana hannun hagu, yana kallon rumfar da idonsa, ya wuce neman inda zai yi dama. Sai da aka wanke tukwane ya iso. Mai gidan ya ce, "Malam, ɓata ka yi?" Ya ce, "Ni ban ɓata ba. Kai ne ka gina gida a inda bai dace ba."

Kwana biyu, ta dama ma ta bi 'yar'uwarta. Maƙwabcinmu Oga Bitrus, mutumin Filato, aikin wayar mota da babur yake yi, ya ce a kawo ya duba. Malam ya ce, "Babur ɗin nan ya girme ka. Yaro ba ya tuɓe babba." Ya baje tabarma ya shiga bincike da kansa. Ya cire ƙwan fitilar hagu ya mai da dama, ya cire na dama ya mai da hagu. Shiru. Ya naɗe fiyus da takardar alawa mai ƙyalli. Shiru. Ya kara kunne a ɗan akwatin nan mai yin ƙyas-ƙyas, yana lallashinsa kamar jariri. Daga nan ya ɗora wayar batir a harshe don ya ji ko akwai wuta. Ya yi tsalle ya ture butar alwala. Na ce, "Malam, akwai?" Ya ce, "Akwai, amma ba a inda ake nema ba."

Rannan ina shanya wake, ƙafata ta gaji, na ɗan ɗosana a bayan babur ɗin. Ku dai kun ga jikin da Allah ya ba ni, ban roƙa ba, ban kuma raina ba. Ina zama sai ga sigina ƙyaf-ƙyaf. Malam ya ce, "Uwar Ladi, tashi!" Na tashi, ta mutu. "Zauna!" Ta kama. Sau bakwai yana tashe ni yana zaunar da ni kamar kurtun soja.

Kada ku ɗauka nan take ya sallama. Sai da ya ɗaure buhun masara a wurin, ba ta kama ba. Ya kira amininsa Malam Sule tela, wanda iska mai ƙarfi ke iya ɗauka, ya hau, ba ta kama ba. Ya ɗora wa Malam Sule buhun a cinya, suka faɗi su uku, shi da buhun da babur. Sannan ya zo bakin ɗakina yana kallon gefe, ya ce, "Gobe ina da zuwa Wuse. Ki shirya." Na ce, "Ashe babur ɗin gwamnati ya fara yawon mata?" Ya ce, "Ba yawo za ki ba. Aiki za ki."

Kai, na ga Abuja a shekarar nan! Na daina cusa kaina a bas, na daina jin labarin gari a bakin mutane. Ga iska, ga bayan Malam ina riƙe da shi a bainar jama'a, ba mai cewa uffan tunda aiki nake.

Wata rana dab da kasuwar Wuse masu duba ababen hawa suka tare mu. Wani dogo ya ce, "Baba, okada ne?" Malam ya ce, "Ka taɓa ganin ɗan acaɓa da fasinja tana yi masa faɗa tun daga gida? Matata ce." Dogon ya ce, "Mama, sauka. Baba, sa sigina mu gani, in babu wannan mashin ya bi mu ofis." Na sauka. Malam ya kunna, shiru. Gumi ya keto masa. Ya ce, "Oga, ka cire mata batir, ta yaya za ta kama? Uwar Ladi, hau!" Na hau, ƙyaf-ƙyaf. Dogon ya kira sauran, suka yi ta sa ni ina hawa ina sauka, har ɗayansu ya zauna a bakin kwalbati don dariya. Suka sake mu, amma suka ce in suka sake ganinmu a haka, da mashin da Mama za su tafi.

Wannan ce ta sa Malam ya kira Bitrus. Bitrus ya ɗaga sit ɗin da nake zama a kai, ya nuna wata baƙar waya da aka ɗaure a jikin ƙarfe da sukuru. Ya ce, "Baba, sukurun ne ya kwance. Idan Mama ta zauna sai ta danne wayar a ƙarfe, wuta ta samu hanyar komawa." Ya murɗa sau biyu. Shi ke nan. Sigina ta kama, ba ni a kai.

Washegari Malam ya fita shi kaɗai. Mako uku ina jin ƙarar babur tana nisa, ni da wake. Ni ba mai roƙo ba ce. Amma na ga inda Bitrus ya taɓa. Ran Juma'a Malam ya tafi masallaci a ƙafa, na ɗaga sit, na sa gindin cokali a kan sukurun, na murɗa baya. Yau na faɗa, ko Ladi ba ta sani ba.

Asabar ya kunna, shiru. Ya kira Bitrus, aka ɗaure. Juma'a na kwance. Aka ɗaure, na kwance. A karo na uku Malam bai kira kowa ba. Ya tsaya a tsakar gida yana juya wani lanƙwasasshen cokali a hannunsa, ya daɗe. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da sukundirebansa, wanda ko ɗansa bai isa ya taɓa ba, ya ajiye mini a kan murfin tukunya. Ya ce, "Cokulan gidan nan sun kusa ƙarewa. Ɗauko mayafinki, rana tana yi."

Shekara goma sha ɗaya na yi a bayansa daga ranar. Tafiya ɗaya ce tak ya yi bai ce in hau ba.

Malam Sule ya riga shi rasuwa da damina biyu. Cikin waɗanda suka ga wannan abu, saura Bitrus, ya koma Filato ido ya yi rauni, sai Ladi da ke Gwagwalada da jikokinta, sai ni. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa taurin kai, ni ma ya yafe mini cokulan. Ya haskaka kabarinsa, ya sada mu cikin rahama. Amin.