Haladu Usur da Harsashinsa Uku

Duk wanda ya san Yaya Haladu ya san usur ɗinsa. Kullum yana rataye a wuya. Akuya ta shiga fili, fiiit! Mai babur ya ratsa fili, fiiit! Ranar ɗaurin auren 'yata maroƙi ya ja zance, shi ma sai da ya hura masa, wai lokaci ya cika.

Ni ƙanwarsa ce, Talatu mai waina, kuma ba ruwana da ƙwallo. Har yau ban ga dalilin da ƙarti ashirin da biyu za su bi fata ɗaya da gudu ba. Amma filin nan na bayan firamare na san shi, don da tokata aka raya shi.

Ba wanda ya naɗa Yaya alƙalin wasa, shi ya naɗa kansa. Shi ke tsince tsidau, shi ke cike ramuka, shi ke jan layi. Fenti babu, sai toka. Duk Alhamis zai faɗo gidana da tsohon bokiti, kafin in amsa sallama yana bakin murhu.

"Yaya, wannan ta miya ce, ware ta na yi."

"Ki sa kanwa."

"Babu kanwa!"

"To ku ci haka. Gobe 'yan Badafi za su zo. So kike su koma su ce garinmu ba layi?"

Matan unguwa suka koma ɓoye toka a ƙarƙashin gado. Bai hana komai ba. Hayaƙi yake bi.

Jan katinsa kuwa murfin bokiti ne ya yanka. Wata shekara da kaka, mai unguwa ya shanya masara a tsakiyar fili. Yaya ya je ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe shi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙe ya zaro katin.

"Haladu! Ni ka ba wa?"

"Wane ni, ranka ya daɗe. Masarar na ba wa. Ta fita."

Ta kuwa fita.

Ɗana Auwalu ya taɓa fara bin 'yan shaye-shaye a bayan tasha. Na doke shi, na yi kuka, na kai shi wajen malamai. Yaya bai yi masa faɗa ba, raga ya ba shi tsaro. Ya ce, "Gola ba ya zuwa ko'ina. In ya matsa, duk gari zai gani." Yau Auwalu na da mata da 'ya'ya uku da wurin faci. Shi ya sa in aka zo maganar filin nan dariyata ba ta nisa.

Sai maganar manya. Wata shekara gab da zaɓe aka yi shela za a aza harsashin ginin filin wasa na zamani. Katanga, kujeru, famfo, har da wurin canza kaya. Yaya ya kwashe tokar unguwa uku, ya ja layi kamar da zare. Motoci suka zo, aka kafa rumfa, aka kunna lasifika. Babban baƙo ya ɗora bulo ɗaya, ya shafa masa siminti, aka tafa. Aka ciro sabuwar ƙwallo daga leda, ya taɓa ta da bakin takalmi, aka ɗauki hoto. Sai wani ɗan rakiya ya sunkuya ya ɗauke ta, ya nufi mota.

Fiiit!

"Hannu! Wallahi hannu ne! Ajiye ta!"

Ina! Mota ta tashi da ƙwallo, Yaya na bin ta da jan kati har bakin titi. Ya dawo yana haki, ya tsaya a kan bulon ya daɗe yana kallo. Hedimasta ya ce masa, "Malam Haladu, a yi haƙuri, ai ga harsashi an aza."

"Na ga harsashin. Ina bindigar?"

Bindiga ba ta zo ba. Zaɓe ya zagayo, wasu suka zo da wata kalar hula, suka aza nasu bulon. Ya sake zagayowa, aka aza na uku. Ko kunya! Kowa ya zo sai ya yi kamar bai ga na wancan ba. A na ukun ne Yaya ya kutsa har gaban baƙo ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, harsashi na uku ke nan da kuka harbe mu da shi, kuma ga mu da ranmu. Alfarma ɗaya nake nema. Wannan a kai mana shi can gabas."

"Don me, Baba?"

"Na yamma biyu sun riga sun zama raga."

Da gaskiyarsa. Tuni ya tono na farko da na biyu, ya jera su taku takwas tsakani, Auwalu na tsayawa a tsakiya. Ba a kai masa na ukun gabas ba, don wai can rana za ta ɓata hoto. Washegari ya kai abinsa a baro.

Na ce, "Yaya, uku ai murhu ne. Kawo in ɗora tanda, su yi amfani."

"Kul! Saura ɗaya raga biyu su cika. Allah dai ya kai mu zaɓe mai zuwa."

Kafin nan takalminsa na hagu yake ajiyewa a gurbin na huɗun. Shekara biyu yana alƙalanci da takalmi ɗaya, yana ɗingishi, yana hura wa mutane usur.

Bai ga na huɗun ba. Bara da kaka ya kwanta kwana biyar, ya tafi. Ba a yi arba'in ba sai ga wasu mutum uku da igiyar awo da gwangwanin jan fenti, wai za a yanka shaguna. Fenti! Shekara da shekaru ba a samu na jan layi ba, amma na yanka fili ga shi har da buroshi. Na je na tambaye su.

Babbansu ya ce, "Hajiya, a takardarmu wannan kango ne. Ba a komai a nan."

"Ni ba Hajiya ba ce. Jira ni."

Na koma gida na kwashe tokar murhuna tas. Na ciro dutse ɗaya daga ƙarƙashin tanda, da zafinsa, na naɗe a tsumma. Na aika wa Auwalu ya rufe faci ya tara mutanensa. Layin da na ja ya karkace kamar hanyar shanu. Na dire dutsen a inda takalmin Yaya yake zama. Sannan na ciro usur ɗinsa da na gada daga bakin zanina. Ban taɓa hurawa ba, ƙarar ta fito kamar kukan zabuwa, amma an ji. Aka take wasa, masu awo na tsakiya, ƙwallo na wucewa ta kunnensu. Suka naɗe igiyarsu, suka ce za su dawo.

Su dawo. Duk Alhamis ina nan da bokiti, kuma yanzu matan unguwa da kansu suke aiko da toka. Tandata a kan dutse biyu da fasasshiyar tukunya take, waina duk ta karkace gefe ɗaya. Mai saye ya yi magana in ce ya je ya tambayi masu harsashi.

Yaya, raga biyu sun cika, ba da bulonsu na huɗu ba. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka tokar mutane da ka kwasa. Ya yalwata maka makwanci kamar filin da ka share, ba tsidau, ba mai awo. Amin.