Lotsewar Motar Da Ta Ci Min Suna

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, ina aikin gyaran jikin mota da fenti a wani gareji a Sharada. Ba yabon kai ba, duk motar kamfanin da tirela ta goga a yankin nan wurina ake kawo ta, kuma in na gama ko mai ita ba zai iya nuna maka inda aka buge ta ba. Maigidana ya sakar min ragamar garejin. Sunan nan shi ne kaɗai jarina, kuma da hannuna na ɓata shi.

Wata rana 'yan fim suka zo neman wanda zai kula musu da motoci biyu, ja da baƙa, da za su yi fim ɗin tsere da su. Daraktan ya ce za a rubuta sunana a ƙarshen fim a matsayin masanin motoci. Nan take kaina ya kumbura. Maigidana ya ja ni gefe ya ce kowace sana'a da ƙa'idarta, kada in shiga sharo ba shanu. Na ce masa ai mota mota ce, ko a fim ko a titi.

Ranar Lahadi kawai suke ɗauka, don ita ce ranar da tireloli ke raguwa a titunan masana'antu. Lahadin farko a Challawa aka yi, kuma a gabana jarumin ya goga jar motar da wani durom, ƙofar hagu ta lotse. Na ga ana ta tafi, na ɗauka murnar bai ji ciwo ba ake yi. Ashe a cikin labarin abin yake, ni kuwa ba wanda ya taɓa gaya min labarin. Da aka tashi suka bar min motar, aka ce in kula da ita har mako mai zuwa. To ni mutum ne da ba na iya wuce lotsattsiyar ƙofa ban ji hannuna na ƙaiƙayi ba. Kwana uku na yi a kanta. Na buge ta, na goge, na haɗa fenti har ya dace, ta koma kamar yau aka sauke ta. Ban ma yi niyyar karɓar ladan aikin ba, so nake in burge su.

Lahadi ta biyu a Bompai, daraktan ya zo a makare yana ta faɗa, aka hau aiki ba wanda ya dubi motar. Sai da aka ɗauki fitowa uku sannan mai kamara ya tambayi ina lotsewar ta tafi. Na matso ina murmushi na ce ni na gyara. Wallahi tun da nake ba a taɓa zagina a gaban jama'a kamar ranar ba. Da ya gaji, daraktan ya ce ba shi da lokacin sake ɗaukar abin da aka riga aka ɗauka, ya sa aka miƙo min gudumata, ya ce in mayar da lotsewar yanzu. Na nufi ƙofar hagu, ya daka min tsawa ya ce ta dama zan buga, don a can kamara take, kuma 'yan kallo ba sa lura da irin wannan.

Nan ne laifina na gaskiya yake. Gyaran da na yi rashin sani ne, amma wannan na san ba daidai ba ne, na kuma ɗaga guduma na lotsa lafiyayyar ƙofa don kada a cire sunana. Daga ranar bakina ya mutu. Ina kallo jarumi yana ta fizgar giya kamar zai karya ta, alhali motar otomatik ce. Ina kallo ya buɗe gaban mota ya dafa tankin ruwan wanke gilashi yana cewa nan sirrin gudunta yake. Ina kallo aka sauya lambar baƙar motar ba a mayar ba. 

Fim ya fito, kuma mutanen da aka ce ba sa lura su ne direbobi da makanikai da ma'aikatan kamfani masu bin titunan nan kullum. Mako bai cika ba aka yanko wuraren ana yawo da su a waya, an zagaye kowane kuskure da jan layi. Ga ƙofar hagu a lotse, an sha kwana ta warke, an sake shan kwana ciwon ya koma dama. Motar ma daga Challawa ta sha kwana ɗaya sai ga ta a Bompai, tafiyar da sai ka ratsa gari. A ƙarshen kowane yanki kuma sai su manna sunana da manyan baƙi, masanin motoci. Da aka yi hira da daraktan a rediyo, cewa ya yi shi ba makanike ba ne, ƙwararre ya ɗauka ya dogara da shi. Ina zaune a gareji na ji shi da kunnena, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Direbobin unguwar Dakata suka sa min suna Mai Ƙaurar Ciwo. Manajan sufuri na kamfanin da ya fi ba mu aiki ya aiko wa maigidana cewa ba zai bar motocinsa a hannun wanda bai san hagu da dama ba. Maigidana bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi in ɗan huta har maganar ta lafa, ya karɓi makullin garejin. Shekara uku ke nan bai neme ni ba. Yanzu a wata rumfa nake a Na'ibawa, kuma har gobe wani kan kawo mota a lotse ya tambaye ni, yana dariya, ko zan iya mayar masa da ciwon ɗaya gefen. Daraktan kuwa yana nan yana fitar da finafinansa.

Garin neman gira na rasa ido. Shawarata ga masu sana'ar hannu, in aka kira ku aikin da ba naku ba, ku tambayi me ake ciki kafin ku taɓa komai, in kuma kuka ga kuskure a fanninku ku faɗa ko da za a kore ku. Ranar da abu ya lalace, mai babban baki zai wanke kansa ya bar ku da shi. Dubban ƙofofi na gyara a Sharada ba wanda ya tuna ko ɗaya, ƙofa ɗaya na lotsa, da ita aka san ni.