Reshen da na karya wa Iya Japan

Ranar wata Asabar a ƙarshen watan Maris na 2008, ina da shekara goma, na tsaya a ƙofar maƙwabciyarmu a hawa na bakwai ina koyon cire takalmi. Cirewa dai na iya tun a Kano, juya shi ya fuskanci ƙofa irin na mutanen Japan ne ya gagare ni, sai na manta na faɗa ɗaki kamar an koro ni. Tsohuwar tana zaune a kujera tana saurare, domin idonta ya fara tafiya, da ta ji ƙarar silifas ɗina ta san ban juya ba.

Iya Japan muke ce mata. 'Yar Japan ce da ta auri Basine, ya rasu ya bar ta a wannan bene da ke bayan titin Huanshi Lu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda Baba ya kama mana ɗaki biyu yana sayen tufafi yana turawa gida. Kullum na gama wanke-wanke da shanyar kaya a baranda, na kai mata tuwo ko ɗanwake, sai na zauna a ƙasa ta yi ta ba ni labari da Sinanci, wanda na tsinta wajen wasan tsallen igiya da yaran bene. Labarinta ɗaya ne, ban taɓa gajiya da shi ba: itatuwan garinsu da ke fure mako guda kacal a shekara, mutane su bar aiki su shimfiɗa leda a ƙarƙashi su zauna, iska ta kaɗa fure ya zuba cikin shayi a sha da shi. Ina ji ina lumshe ido, hayaniyar motoci ta yi nisa.

Da wani abokin Baba mai sana'ar tsoffin injina ya gayyace shi Japan, na yi ta naci har aka sa ni a tafiyar. Shi ne Iya ta ɗora min karatu. Kada a ci abinci ana tafiya, kada a ɗaga murya a jirgin ƙasa, kada a taka ledar mutane da takalmi, kada a taɓa itacen. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ni ba zan ƙara gani ba. Ki zauna, ki daɗe, ki kalla min, ki dawo ki faɗa min." Umma kuwa tana haɗa min jaka ta ce, "Ke Hauwa, labari ai ba tsaraba ba ne. Kada ki dawo wa tsohuwa hannu biyu."

Da muka isa Japan mun sami furen a cike. A bakin wani kogi ne, itatuwa sun haɗa kai sun rufe sama, takalma jere a gefen shuɗiyar leda kamar ƙofar masallaci ranar Juma'a. Baba ya buɗe fulas ɗin shayi, ya yi la'asar a kan ciyawa, wasu da ke kusa suka miƙo mana alawar shinkafa yana ta tambaya da hannu ko da alade a ciki. Ni kuwa hankalina yana kan wani reshe da ya sauko daidai kaina. Wunin nan kaf idon mutane nake gadi, ina jiran su juya. Da na ga dama na ɓalle shi na cusa cikin hijabi. Wani tsoho ya gan ni, ya sunkuyar da kai kawai, kunya ta kama ni har tafin ƙafa.

Kafin mu dawo Guangzhou furen ya zube ya yi baƙi. Kwana biyu ina lallaɓawa ta gaban ƙofarta a kan yatsu. Rana ta uku na shiga na ɗora mata a hannu. Ta shafa wurin karayar da babban yatsa, ta daɗe. "Kin karya," ta ce a hankali. Sai ta ajiye shi a cinya ta juyo da fuskarta gare ni. "To, ba komai. Faɗa min."

Na buɗe baki, babu abin faɗa. Na tuna takalma, na tuna fulas, na tuna tsohon nan. Furen da aka aike ni in kalla ban kalla ba. Na ce mata fari ne. Ta jira, ta jira, sannan ta gyaɗa kai ta ce na gode. Na fi son da ta zage ni.

Kafin a fara gasar Olympics biza ta yi wuya, muka tattara muka dawo Kano, ban ƙara jin labarinta ba. Yanzu kowace shekara hotunan furen nan suna cika waya, 'ya'yana su wuce su da yatsa cikin daƙiƙa, ni kuma in tsayar da ɗaya in yi ta kallo ina jera kalmomi a raina, da Sinancin da ya kusa guje min. Yau kam na san abin da zan faɗa, mai sauraron ce babu.