Iyakar Inda Dutsena Ke Kaiwa

Shekarar da tsuntsayen jan-baki sunka sauko kwarin Ibohamane, labarinsu ya riga su isowa. Wani mai kamyo, babbar motar kaya, ya ce ya bar su wajen Deule, sun zauna wa gonaki tun hantsi, kafin azahar ba a ganin komai sai kara tsaye. Dawata a lokacin ƙwayarta ba ta yi tauri ba, in ka matsa sai ta yi madara, kuma ita tsuntsun ke so. Ɗana ya tafi biɗar kuɗi Abijan. Gidan ya rage daga ni sai matarsa sai jikanyata, wadda ko azumi ba ta fara cikawa ba. Abin da za mu ci har wata damina yana cikin gonar nan.

Ni fa da majajjawa anka san ni. Da ƙuruciya in munka aza gwangwani bisa dutse don wasa, ni ke kaɗe shi, sauran su koma gida da haushi. Sai na ɗauko tsohuwar majajjawata, na juya ta bisa kai kamar yadda na saba, na yi ta juyi har igiya na kuka, na jefa. Kafaɗata ta amsa kamar an soka mini allura. Dutsen ya faɗi nan kusa, ko akuya ba zai tayar ba.

Jikanyar tana tsaye tana dariya. Amarya nake ce mata, irin tsokanar kaka da jika.

«Amarya, mi ya ba ki dariya?»

«Maigida, kai faɗa kake da dutsen. Ba jifa ake ba, saki ake.»

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ƴar da anka haifa gabana za ta koya mini majajjawa! Amma da ta ɗauko tata majajjawar ta sa dutse, sai na dube ta. Ba ta ɗaga hannu sama ba sam. Juyi guda ta yi a gefe, ƙafar hagu ta tako gaba, ƙugu ya juya, hannun ya biyo baya kamar ba nata ba. Dutsen ya wuce kan dawa yana fito har gindin gawon da ke tsakiyar gona.

Tun daga ranar na zama ɗan koyo. In na ɗaga kafaɗa ta ce na koma faɗa. In na ƙanƙame igiya ta ɓamɓare mini yatsu. Muna cikin haka sararin kudu ya fara canza, kullum da maraice wani baƙi-baƙi na miƙewa ya lanƙwashe kamar hayaƙi, kuma kullum ya fi na jiya kusa. Maƙwabta sun rataye tsofaffin jarkoki da ledoji a igiya don korar tsuntsu. Hira ta mutu a bakin masallaci.

Ana nan lokacin buɗe lakwal, makarantar boko, ya yi. Ta ce ta fasa zuwa sai an yi girbi, ita ta tsare gabas ni yamma. Tsoro ya kama ni, don na san gaskiya ta faɗa, mutum guda ba ya tsare gonar nan. Amma na ce ta ɗauki jakarta ta wuce lakwal kafin in saɓa mata. Ta ajiye mini majajjawarta bisa tsibin duwatsu, ta tafi.

Da hantsi tsuntsayen sunka iso. Na ji ƙararsu kafin in gan su, sai inuwa ta rufe ni. Na tako da hagu, na juya ƙugu, na saki. Dutsen ya kai gawo, kafaɗa ba ta ce uffan ba. Garken ya tashi, ya rabu biyu, rabi ya sauka gabas inda ta ce za ta tsare.

Da munka yi girbi, zangarniya mai ƙwaya ta tsaya daidai gindin gawo. Daga nan zuwa gabas kara kawai munka sare.