Malam Arzika da Faifai Biyun Kumai

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, duk wanda ya bi layin bayan tsohuwar tashar jirgi a Kafanchan zai tarar Malam Arzika ya buɗe shago, ya share ƙofa, ya fito da benci. Yakan kakkaɓe gefen dama sau biyu, alhali shekara uku ke nan ba mai zama a wurin. Mazaunin amininsa Kumai ne, Kumai kuwa ya rasu.

Shekara ashirin da shida Malam yana gyaran kwamfuta a garin nan, kuma sunan da muka laƙaba masa shi ne Sai-a-hankali. Ka kawo na'ura kana gumi, ba zai jona ta ba sai ya tambaye ka, "Me ke ciki da ba ka so ya ɓace?" Sannan ya kwance ta, ya yago tef ɗin takarda, ya manna wa kowane faifan ajiya lamba da biro. Ka ce, "Haba Malam, Windo kawai za ka sa mini!" Ya ce, "Na ji. Zauna." Wallahi mun sha yi masa tsaki a ɓoye.

Kumai mai ɗaukar bidiyon biki ne, kuma shi ke jan muryar maza a ƙungiyar mawaƙan cocinsu. Ranar da ba aiki yakan hau babur zuwa ƙauyukan Samaru Kataf ya naɗo waƙoƙin niƙa na tsofaffin mata, har da na mahaifiyarsa. Da ya yi kukan na'urarsa na jan ƙafa, Malam ya ɗaure masa faifai biyu suka koma aiki kamar ɗaya, ɗaurin da masu sana'ar ke kira RAID. Ya gargaɗe shi cewa irin wannan ɗauri, in ɗaya ya tafi, duka sun tafi, don haka ya kwafe kayansa wani wuri. Kumai ya yi dariya ya ce, "Gobe, Malam." Shekara biyar yana wannan goben.

Bayan jana'iza dangi suka zauna rabon kaya. Na'urar ta daina tashi. Matarsa Martina tana son muryar mijinta, ƙanensa Asher na Kachia yana son waƙoƙin uwarsu, wadda ita ma ta riga mu gidan gaskiya. Dattijon gida ya sa aka buɗe, ya ga faifai biyu, ya ce ai Allah ya raba gardama: ɗaya nata, ɗaya nasa. Kowa ya kai nasa aka duba, aka ce babu komai ciki, sai kowa ya ɗauka ɗayan ne ya tafi da mai kyau. Ko gaisuwar Kirsimeti suka daina.

Martina ta daɗe ba ta iya bin layin shagon ba, saboda bencin nan. Sai da wani mai gyara a Kaduna ya ce zai goge faifan ya sa sabon Windo, ta hango tef mai lamba ɗaya da rubutun Malam, ta ce ya dakata. Washegari ta shigo rungume da na'urar.

Malam ya shafa tef ɗin. "Maman Tamar, ba rabin kayan ne a hannunki ba. Kowace waƙa an yanka ta ƙanana, yanki ɗaya nan, na gaba can, kamar a yayyaga wasiƙa layi-layi a raba wa mutum biyu."

"To Asher fa? Shi ma ba shi da komai?"

"Ko kalma ɗaya."

Ta dafa kai. "Yesu! Duk wannan fushi a kan nothing?"

Malam, kai ne ka rufe shago ranar kasuwa ka hau mota zuwa Kachia ba wanda ya aike ka. Kai ne ka iske Asher yana shanya citta, ka ce masa, "Ni na ɗaura su, ni ya kamata in zo wurin rabon in yi magana. Baƙin ciki ya hana ni shiga gidan, laifina ne." Asher ya ce faifansa ba zai bar hannunsa ba. Ka ce to ya biyo faifan nasa. Haka ya taho da shi shago, ya tarar da Martina.

Abin da ba su sani ba, idanun Malam sun riga sun fara tafiya. Ya canja ƙaramin batirin allon na'urar da laluben yatsa, ya kawo faifai na uku don a ɗora Windo a kansa, kada a taɓa na Kumai. Amma rubutun kansa ya gagare shi. Dole Martina ta karanta masa lambobin, na ɗaya a ramin farko, na biyu a na biyu. Dole Asher ya matso kusa da ita yana karanto abin da ke kan gilashi.

"Ya ce faifai na biyu empty ne, wai a goge."

"Kul! Janye hannunka," in ji Malam.

Malam ya sa aka gyara saitin allon, daga filash aka loda direba, ƙaramar manhajar da ke nuna wa na'ura cewa biyun nan abu ɗaya ne. Sau biyu tana ƙi. A na uku Asher ya ce, "Malam, sun koma ɗaya."

Abin da suka fara dannawa, muryar Kumai ce ta cika shagon: "Mama, sake daga farko, ban danna ba." Tsohuwa ta yi masa faɗa da yarensu, ta yi dariya, ta ɗauki waƙa. Martina ta toshe baki da gefen zane. Asher ya fita waje, ya zauna a gefen dama na bencin yana kuka kamar yaro, Malam kuwa bai hana shi ba.

Ƙarshen watan nan Malam zai rufe shago ya koma wurin 'yarsa Raliya a Mararaban Rido, saboda idon. Za mu yi kewarka, Sai-a-hankali, tun yanzu ma mun fara. Mun gode da tambayar da ka yi ta yi mana muna tsaki. Masu gyaran da ke tasowa, ku saya tef da biro, kuma kafin ku goge faifan kowa ku tambaye shi me ke ciki.

An kwafe kayan wuri uku. Guda ɗaya kawai Malam ya roƙa a sa masa a waya: ranar da Kumai ke gwada makirfo a shagon nan, ana jin Malam yana yi masa mita, shi kuma yana cewa, "Gobe, Malam, gobe zan kwafe." Jiya da safe ya kunna ta yana kakkaɓe benci. Mai shayin layin ya ji shi ya amsa, "An kwafe, Kumai."