Matar da Ta Ƙi Taɓa Gurasar Toktosun

Kullum da safe, kafin a kora tumaki, za ka ga Burulkan ta fito da igiyar awo a kafaɗa da turaku a buhu, tana ɗingishi. Ciwon gwiwa ya daɗe yana cin ta. Ita ce mai kula da filaye a ofishin ƙauyenmu, nan cikin duwatsun Narin, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ban ji wanda ya shirya mata ko shayi ba. Ni dai na ce ba za ta tafi shiru ba.

Aiki ne na shan zagi, wallahi. Wanda ta ba fili ya ce duwatsu ne a ciki, wanda bai samu ba ya ce ta ci hanci. Na sha ganin ta dawo ofis ta zube a kujera, ko takalmi ba ta iya cirewa.

Kowa ya san al'adarmu: gidan uba na auta ne, yayye in sun yi aure su fita su kafa nasu. To, a ina? Gona ba a gini a kanta, gindin dutse kuwa ambaliyar laka. Sai yaranmu suka riƙa ɗaukar jaka, wannan babban birni Bishkek, wancan Rasha, har aka fara zancen rufe makaranta. Babban ɗana Mederbek ya ce mini, "Mama, ƙanena na jira mu ba shi ɗaki ya yi aure. In ƙanƙara ta narke ban samu fili ba, na tafi." Ni kuwa na san wanda ya tafi sai jana'iza ke dawo da shi.

Wuri ɗaya ya rage, gangaren da ke bayan maƙabarta. Na ƙauye ne, hukuma ma ta yarda a yanka shi. Amma tsoho Toktosun ke kiwon dawakinsa a can tun zamanin ubansa, kuma ba mai kafa harsashi inda dattijo bai sa albarka ba. Maza sun je, sun sha shayi, sun dawo ba wanda ya iya buɗe baki.

Sai Burulkan ta je. Matar Toktosun ce ta ba ni labari. Aka yi mata shimfiɗa, aka kawo gurasa da man shanu. A wurinmu, ko wuta ka shigo ɗiba ba ka fita sai ka gutsuri gurasar gida. Ita kuwa ta naɗe hannu.

"Bismilla, 'yata," in ji tsohon.

"Baba, ba zan ci ba."

"Azumi kike, ko gurasar tamu ce ba ta kai ba?"

"Ta kai har ta wuce. Roƙon gangaren nan na zo yi wa yaranmu, kuma ba zan taɓa ba sai na ji amsa."

"Ke! A gidana? Mijinki fa a gabana ya koyi hawan doki. So kike gari ya ce baƙo ya fita gidan Toktosun bai ɗanɗana komai ba?"

"Wane gari, Baba? Saura mu nawa? Ranar da Allah ya yi kiranka, dawakin ne za su ɗauki makara?"

Shayi ya huce, aka sake wani, ya huce. Tsohon ya fice a fusace, ya zagaya dawakinsa, ya dawo ya tarar tana nan inda ya bar ta, gwiwa ta kumbura. Sai ya gutsuro gurasa da hannunsa ya miƙa mata.

"Ci, mai taurin kai. Ki bar mini bakin rafi. Sauran ki auna."

Ke ce, Burulkan, uwar filaye! Kin san da ya ƙi, da kin gama zubar da mutuncinki a garin nan, za a ce matar da ta raina gurasar dattijo. Kin sani sarai, kika zauna. Kika yi wata guda kina hawa gangaren nan kina kafa turaku, iska na dukan ki. Filayen ba su isa kowa ba, sai kika zuba ƙuri'a a hula a gaban jama'a. Mederbek ya ci. Yau daga ƙofata ina hango hayaƙin murhunsa.

Na gode, Allah ya huta gajiya, ya ba ki sauƙin ƙafar nan. Ku kuma matasa, kujerarta na nan ba mai nema, kowa na gudun zagi. Wani ya daure ya karɓa, amma ya san irin nauyin da ke ciki. Ranar ƙuri'ar nan ɗanta Sirgak ma ya sa hannu a hular, bai ci ba. Jama'a suka ce a yanka masa ko ɗan gefe ne, ta girgiza kai. Yana Rasha yanzu, can aka haifi 'ya'yansa, ba ta taɓa ɗaukar ko ɗaya ba.

Da matar Mederbek ta haihu a sabon gida, Burulkan ce ta fara hawowa barka. Ta karɓi jaririyar ta rungume, ta daɗe ba ta miƙo ta ba.