Rimot ɗin Baba Arzika

Duk wanda ya yi zaman Yelwa a shekarun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ya san Ɗangana mai gyaran rediyo, ko da bai taɓa kai masa aiki ba. Rumfarsa tana bakin kasuwa, kusa da masu banda, shi ya sa duk rediyon da ya kwana biyu a hannunsa sai ya koma gida yana ƙanshin kifi. Mutum ne mai tsiya guda: ba ya sayen abin da zai iya haɗawa. Amfilifayar gidansa, na'urar ƙara sauti, shi ya haɗa ta, haka ma ɗan akwatin da ke gabanta, wanda ke karɓar sauti daga rediyo ko kaset ya tace shi kafin ya miƙa mata. A cikin gwangwanin biskit ya zaunar da shi, kuma yana alfahari da hakan.

Kayan nan a ɗakin mahaifinsa suke, Baba Arzika, tsohon masunci da ƙafafu suka daina yi masa biyayya. Da rana babu kowa a gidan sai Barira, matar Ɗangana. Tsohon kuwa kunyar surukarsa yake ji ƙwarai, ba zai iya kiranta don ta murɗa masa rediyo ba. Sai ya yini shiru yana kallon bango. Abin yana cin Ɗangana a rai.

Ya aika a kawo masa kayan rimot daga Anaca, aka kawo iri biyu. Na farko maɓallai ne zalla, sabon yayi, amma da wuta ta ɗauke ta dawo sai ya manta inda aka bar shi ya kwarara murya. Na biyu ɗan injin ne ke juya mamurɗin murya, kana gani yana juyawa shi kaɗai, in an sauya daga rediyo zuwa kaset kuma ya ce ƙas. Ɗangana ya yi kwana uku yana juya su a hannu har abokan rumfa suka fara tsokanarsa da cewa auren ɗayan zai yi. Ya ɗauki na biyun ya haɗa a akwatin, don ya san tsohonsa ba ya yarda da abin da bai gani ba.

Labarai da waƙoƙi, Baba Arzika ya ƙware a rana ɗaya. Amma da aka sa kaset na tafsiri sai ya ajiye rimot. Ranar nan Ɗangana ya dawo da azahar ya tarar da shi a ƙasa, ya ja jiki zai rage murya da hannu, ya kasa komawa gado.

"Ba ni nuna malami da hannu ina kwance," in ji tsohon. "Wanga rashin ladabi na."

Ɗangana bai yi gardama ba, ya san ba a cin Baba da baki. Ya ɗaga kai ya dubi rufin kwano, ya tuna hasken rimot yakan bugi abu ya dawo. Ya nuna sama ya danna, mamurɗi ya juya. Tsohon ya gwada, ya ce wannan kam babu laifi.

Washegari Barira ta shigo da kwanon fura ta tarar da surukinta ya ɗaga hannu sama, ido a rufi. Ta durƙusa a bakin ƙofa tana ta cewa amin, amin, har malamin da ke cikin kaset ya yi ƙasa da murya. Baba Arzika ya dube ta, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Sannan ya ajiye rimot, ya ɗaga hannu biyu.

"Zamna nan, ɗiyata," ya ce. "Tunda kin riga kin ce amin, bari in yi miki ta gaske."